Lesin ɗin Turanci na yamma a Yelwan Bauchi: sun iya koyar da “more”, amma gyaran insha'i da saura

Duk malamin da ya taɓa duba insha'in Turanci na 'yan ajin ƙarshe na sakandare a Bauchi ya san jimlar nan: “Audu is tall more than Bala.” Ya kuma san 'yar uwarta, “This one is more better.” Kalmar “more” haruffa huɗu ce kacal, amma makin da take ci wa yaranmu a WAEC da NECO da JAMB ba kaɗan ba ne. Saboda haka mai son auna cibiyar lesin ta Turanci ba sai ya zauna zango guda a cikinta ba. Ya duba yadda take koyar da kwatance. A nan zai gane ko malamin ya san inda harshen ɗalibinsa ke karkata, ko kuwa hadda kawai yake ɗora wa yara.

Cibiyar da wannan sharhi ya shafa tana ɓangaren Yelwa, gefen hanyar Dass, yankin da ɗaliban jami'ar Abubakar Tafawa Ɓalewa (ATBU) da na kwalejin fasaha ta tarayya da ke Gwallameji suka cika. Azuzuwan wata firamare mai zaman kanta take haya bayan yara sun tashi. Ba mu sa sunanta ba, don irinta suna da yawa daga Wunti har Fadaman Mada, kuma da ma'aunin nan ɗaya za a iya auna kowace. Ana shiga bayan La'asar a tashi kafin Magariba, Litinin zuwa Alhamis, ranar Asabar da safe kuma a yi jarrabawar gwaji. Turanci yana zuwa sau biyu a mako, kowane zama minti casa'in. Wata-wata ake biya, kuɗin handawut daban. Babin kwatance yana cin zama huɗu, wato mako biyu cur, kuma wannan kaɗai ya nuna ba su raina shi ba, domin wurare da yawa a rabin zama ake gama shi a wuce.

Zaman farko shi ne mafi daraja a cikin kuɗin da ake biya. Malamin ba ya farawa da “tall, taller, tallest” da kowa ya rera tun firamare. Allo yake rabawa gida uku. A gida na farko ya rubuta jimlar Hausa, misali “Shinkafa ta fi masara tsada.” A na biyu ya sa ɗalibai su juya ta yadda ta zo musu a baki, kuma kusan kullum abin da ke fitowa shi ne “Rice is expensive more than maize.” A na uku sai ya rubuta daidai: “Rice is more expensive than maize.” Daga nan ya ja kibiya daga kalmar “tsada” zuwa “expensive” a gidajen biyu, ya bar yara su gani da idonsu cewa kalmomin duk iri ɗaya ne, mazauninsu ne ya bambanta.

Dalilin kuskuren a ginin harsunan biyu yake. A Hausa aikatau ne ke ɗauke da nauyin kwatance, wato “fi”, kuma abin da aka yi fifiko a kansa suna ne da ba ya canza siga: tsawo, tsada, ƙarfi, kyau. Yaro ya taso da cewa “ya fi” a Turanci shi ne “more than”, sai ya haddace su a dunƙule, duk inda ya je ya ajiye su manne da juna. Turanci kuwa sifar ce da kanta ke ɗaukar alamar kwatance, ko ta sami “-er” a ƙeyarta, ko “more” ta tsaya gabanta, sannan “than” ta biyo baya. Ƙa'idar da malamin ke sa a rubuta da manyan baƙi a saman shafi ita ce: idan akwai sifa ko bayanau (kalmar da ke bayyana yadda ake aiki, irin “slowly”) a jimlar, tsakanin “more” da “than” suke zama. Sai a yi jimla ashirin a kan wannan kaɗai, goma a baki, goma a rubuce. Ba mu ga wata hanya da ta fi wannan saurin kashe “tall more than” ba, domin tana zuwa ne kan tushen kuskuren, ba kan ganyensa ba.

A zaman nan ne kuma yake warware sauran kalmomin Hausa da yara ke tura su duka zuwa “more”. Idan an ce “Bala ya kai Audu tsawo,” wannan daidaito ne, Turancinsa “Bala is as tall as Audu.” Idan “bai kai shi ba” ne, to “not as tall as”, ko “less” idan sifar doguwa ce, kamar “less expensive than”. “Ya fi kowa” da “mafi” su ne gidan “most” da “-est”. “Gara ka tafi” kuwa ba kwatancen sifa ba ne sam, “You had better go” ake cewa, “gwamma in zauna” kuma “I would rather stay.” Ɗalibin da ya fita da waɗannan rukunai biyar a kansa ya riga ya ci rabin babin.

Zama na biyu na ƙidayar gaɓa ne. Ana tafa hannu a kan kowace kalma: “big” tafi ɗaya, “hap-py” biyu, “beau-ti-ful” uku. Mai gaɓa ɗaya tana ɗaukar “-er”. Mai gaɓa uku ko fiye tana ɗaukar “more”. Mai gaɓa biyu da ta ƙare da “y” sai a mai da “y” ɗin “i” a sa “-er”: “heavier”, “easier”, “busier”. Ƙa'idojin rubutu ma an ba su haƙƙinsu. Kalma mai gaɓa ɗaya da ta ƙare da wasali guda da baƙi guda ana ninka baƙin ƙarshe: “bigger”, “hotter”, “thinner”. Wadda ta ƙare da “e” “r” kawai ake ƙara mata: “nicer”, “larger”. Tafin yana iya zama kamar wasan yara ga wanda ya kusa shekara ashirin, amma yana aiki, don da yawa daga cikinsu haruffa suke ƙirgawa ba gaɓa ba, shi ya sa suke ganin “strong” doguwar kalma ce su rubuta “more strong”.

A nan ne muka ga aibu na farko, kuma a handawut yake. An rubuta ƙa'idar kamar ba ta da togiya: gaɓa ɗaya “-er”, gaɓa biyu zuwa sama “more”, ban da masu “y”. Ba haka Turanci yake ba. Akwai masu gaɓa biyu da ke karɓar hanyoyin biyu duka, irin su “clever”, “simple”, “quiet”, “narrow”, “common” da “polite”. “Cleverer” daidai ne, “more clever” ma daidai ne. Akwai masu gaɓa ɗaya da ba sa ɗaukar “-er”: ba a cewa “boreder” ko “wronger”, sai “more bored”, “more wrong”, haka “more real”. Duk sifar da ta samo asali daga aikatau ta ƙare da “-ed” ko “-ing”, “more” take so, haka masu “-ful” da “-less” da “-ous”. Sannan akwai wurin da gajeriyar sifa ma “more” take ɗauka, wato idan halaye biyu na mutum ɗaya ake aunawa ba mutane biyu ba: “He is more lazy than sick,” ma'ana lalaci ne ya fi damunsa ba ciwo ba. Malamin yana faɗin wasu daga cikin waɗannan a baki idan an tambaye shi, amma abin da yaro ke komawa gida da shi takarda ce, kuma takardar ba ta faɗa ba. Illar ita ce a ɗakin jarrabawa zai ga “simpler” a cikin zaɓi ya tsallake ta da ƙarfin zuciya, don an koya masa cewa gaɓa biyu ba ta ɗaukar “-er”. Ƙari a kan haka hotokofin ya koɗe, musamman shafukan tsakiya, har ba a bambance “than” da “then”, alhali rikita waɗannan biyun na cikin abin da aka zo gyarawa.

Ainihin aikin “more” a matsayin bayanau a zama na uku yake fitowa, kuma sun riƙe shi da kyau. Bayanau da aka gina da “-ly” ba ya ɗaukar “-er”: “She writes more neatly than her brother,” “Drive more carefully,” “Speak more slowly.” Kuskuren da aka fi yi shi ne a jefar da “-ly” ɗin a ce “She writes more neat.” Gwajin da ake ba yara mai sauƙi ne: tambayi kanka, mutumin kake siffantawa ko yadda yake aikin? Idan yadda yake aikin ne, “-ly” ɗin yana nan, “more” ta tsaya gaba. Togiyar da ba a mantawa da ita ita ce “early”, domin “-ly” ɗinta ba ɗafi ba ne, jikin kalmar ne, don haka “earlier”. Akwai kuma gajerun da sigarsu ɗaya ce ko sifa ko bayanau: “fast”, “hard”, “late”, “soon”, “near”. Su “-er” suke ɗauka: “run faster”, “work harder”. Babu “fastly” a daidaitaccen Turanci. “Hardly” kuwa akwai ta, amma ma'anarta “da ƙyar”, don haka wanda ya rubuta “He works more hardly” bai yabi kowa da ƙwazo ba. Masu bauɗewa su ne “well” da ke komawa “better”, “badly” ta koma “worse”, “far” ta koma “farther” ko “further”, “little” ta koma “less”, ita kanta “more” ɗin kuma kwatancen “much” da “many” ce.

Batun “more better” ya sami bayanin da ba mu saba ji a azuzuwan lesin ba. Malamin ba ya tsayawa ga cewa kuskure ne. Yana nuna cewa a Turancin kasuwa da na tasha “better” ta daina nufin “ya fi kyau”, ta koma nufin “mai kyau” kawai, kamar yadda ake cewa “better cloth” ana nufin yadi mai inganci. Yaron da ya taso da wannan, idan ya zo yin kwatance sai ya ji kalmar ba ta isa ba, ya ƙara mata “more”. Wani lokacin kuma ba kwatance yake nema ba, ƙarfafawa yake so, wato ya ce “ya fi kyau nesa ba kusa ba”. Ga wannan akwai kalmominsa: “much better”, “far better”, “a lot better”, “even better”, in kaɗan ne kuma “a little better” ko “slightly better”. “Very” ba ta shiga nan. Babu “very better”, babu “very more expensive”, sai “much more expensive”. Ba wa yaro madadi ya fi hana shi kawai, domin bukatar ƙarfafawar tana nan, in ba a ba shi kalmar da ta dace ba zai koma ga wadda ya saba.

Akwai tambayar da ɗalibai kan yi a wannan zaman: “Malam, to ‘more water’ fa, ina sifar da ta shiga tsakani?” Amsar ita ce “more” ba aiki ɗaya take yi ba. Gaban sifa ko bayanau, bayanau ce ta kwatance. Bayan aikatau ma bayanau ce, kuma a nan tana iya mannewa da “than” ba laifi: “I like masa more than tuwo,” “You should read more.” Gaban suna kuwa “ƙari” take nufi, kamar a “more water” da “more books”. Tana kuma iya tsayawa ita kaɗai a madadin suna: “Give me more.” A wannan aiki na ƙari akwai wani tarko da Hausa ke ɗana wa yaro. Muna cewa “ƙarin kwana biyu”, ƙari a gaba, lamba a baya, sai ya rubuta “more two days”. Turanci lamba yake gabatarwa: “two more days”, “three more questions”, haka “some more”, “a few more”. Idan sunan ana ƙirga shi, “many more books”; idan ba a ƙirgawa, “much more water”. Kishiyarta ma ta rabu biyu: “fewer students” amma “less money”.

Zama na huɗu na tarkunan canki-canka ne, kuma da tambayoyin shekarun baya ake yinsa. Takarda ta farko ta Turancin WAEC tambaya 80 ce a awa ɗaya, JAMB kuma tana ba Turanci tambaya 60 cikin 180, don haka babu lokacin dogon nazari, sai dai a gane tarkon da kallo ɗaya. Idan abu biyu ne, kwatance ake yi ba fifikon ƙarshe ba: “the taller of the two”, ba “the tallest of the two” ba. Idan ana auna abu da 'yan rukuninsa, dole a sa “other”: “Kano is bigger than any other city in the North,” in ba haka ba an ce Kano ta fi kanta girma. Dole kuma a auna abu da irinsa. “The weather of Jos is colder than Bauchi” ta auna yanayi da gari, daidai shi ne “colder than that of Bauchi”, in jam'i ne “those of”. Sai kalmomin da suka riga suka ƙunshi kwatance a cikinsu, ba sa son “more”, ba sa son “than”, “to” suke ɗauka: “senior to”, “junior to”, “superior to”, “inferior to”, haka “prefer tea to coffee”. “Elder” ana sa ta gaban suna a cikin dangi, “my elder brother”, amma ba a cewa “elder than”, sai “older than”. “More than one student” aikatau na tilo take ɗauka, “is absent” ba “are absent” ba, duk da cewa a ma'ana mutane sun fi ɗaya. Sai ginin nan mai “the” biyu, “The more you read, the better you write,” wanda malamin ke fassarawa da “gwargwadon karatunka, gwargwadon kyan rubutunka”. Yara kan manta “the” ta biyun.

A kan “than I” da “than me” malamin ya tsaya inda ya dace. A magana ta yau da kullum Turawa da kansu “taller than me” suke cewa, amma a jarrabawa da rubutun hukuma an fi karɓar “taller than I am”, kuma cika jimlar da “am” ɗin yana fitar da mutum daga gardama. Cikawar tana kuma warware harshen damo. “I like Musa more than Bala” tana iya nufin na fi son Musa a kan Bala, tana iya nufin na fi Bala son Musa. Idan ta biyun ake nufi, sai a ce “more than Bala does”.

Abin da aka ruga da gudu a kansa shi ne maganganun da “more” ke ciki waɗanda ba kwatance kai tsaye ba ne. Minti goma na ƙarshen zama aka ba su, alhali a insha'i da wasiƙa su yara ke yawan amfani da su. Babba a ciki ita ce “more so”. A Nijeriya an mai da ita “bugu da ƙari”, ana buɗe sakin layi da ita, har a takardun ofis. Kalmar “bugu da ƙari” ita ce “moreover” ko “furthermore”. “More so” tana komawa ne ga sifar da aka riga aka ambata: “Gombe is hot, and Yola is even more so.” Akwai “no more” da “any more”: “He does not live here any more,” ba a haɗa “not” da “no more” a jimla ɗaya. “More or less” kusan-kusan ke nan, “once more” sau ɗaya kuma, “more and more” ƙaruwa a kai a kai. Ko gaisuwar nan da ake rufe jawabi da ita, “more grease to your elbow”, tamu ce ta gida, a Ingila “more power to your elbow” suke cewa. Babu ɗaya daga cikin waɗannan a handawut.

Furuci kusan babu shi. Takarda ta uku ta WAEC, wadda ake kira gwajin furuci, tambaya 60 ce a minti 45, kuma wannan babin yana da abin da zai ba ta. Wasalin “more” ɗaya ne da na “door” da “law” da “court”, kuma a furucin Ingila ba a jin “r” ɗinta sai idan wasali ya biyo baya, kamar a “more and more”. “Th” ɗin “than” kuwa yawancin masu jin Hausa “z” suke mai da shi, su ce “zan”, alhali harshe ake sakawa tsakanin haƙora a fitar da murya. Cibiyar ba ta da rediyo ko lasifikar da za a saurari furuci, malamin ma sau ɗaya yake faɗi ya wuce. Wanda zai rubuta wannan takarda sai ya nemi sauraro a wayarsa.

Babban aibun shi ne gyaran rubutu. Ajin yakan haura mutum hamsin idan rajistar JAMB ta kusa, kuma malami ɗaya ne. Aikin aji musayar littafi ake yi, kowa ya duba na maƙwabcinsa, malami yana karanta amsa daga gaba. Ga canki-canka wannan ya isa, don amsa ko A ce ko ba A ba ce. Ga insha'i bai isa ba ko kaɗan, domin wanda ke rubuta “more two days” ba zai ga laifinta a littafin abokinsa ba. A mako biyun babin kwatance ba a ba da insha'i ko ɗaya da zai tilasta yin kwatance ba, alhali nan ne ake gane ko darasin ya zauna. Insha'in WAEC kalma 450 ake nema, maki 50 ne: 10 na abin da aka faɗa, 10 na tsari, 20 na sarrafa harshe, 10 na tsabtar nahawu da ƙa'idojin rubutu. A wannan goman na ƙarshe kowane kuskure rabin maki yake ci, wato kuskure ashirin sun share shi tas. Batutuwan muhawara kuwa, irin su makarantar kwana da ta jeka-ka-dawo, ko zaman birni da na ƙauye, kwatance ne daga farko har ƙarshe. Yaro zai iya cin tambayoyin “more” duka a canki-canka ranar Asabar, ya zo insha'i hankalinsa na kan hujja, hannunsa ya koma rubuta “cheap more than” sau biyar a shafi ɗaya. Gane daidai a cikin zaɓi huɗu daban, samar da daidai daga kai daban, kuma cibiyar na farkon kawai take horarwa.

Wurin kansa ba yabo ba fallasa. Bencinan na 'yan firamare ne, dogon saurayi sai ya karkace kafin ya rubuta. Fanka sai an kawo wuta, kuma a watannin Maris da Afrilu, daidai lokacin da aji ya fi cika, zafin La'asar yana rage hankalin na baya. Allon fari ne, ana ganinsa daga ko'ina idan makar ba ta bushe ba. Mata suna zama ɓangare guda, ana tashi da sauran haske, keke napep da acaɓa kuma ba sa wuya a bakin titin, abin da iyayen 'yan mata ke fara tambaya ke nan. Malamin yana zuwa a kan lokaci, ba ya tsallake darasi don ya sayar da handawut, kuma yana bayani da Hausa idan ya ga an ɓace, ba tare da ya mai da zaman duka na Hausa ba. Kwamfuta babu. Tun 2015 JAMB a kwamfuta ake yinta gaba ɗaya, yanzu kuma tambaya 180 ce a awa biyu, wato daƙiƙa 40 ga kowace tambaya, don haka mai shirin JAMB sai ya haɗa da wata cibiyar gwajin kwamfuta ko manhajar waya.

Ga wanda ya faɗi Turanci yana neman kiredit idan ya sake zana jarrabawar, ko wanda tushensa na nahawu ya yi rauni tun ƙaramar sakandare, wannan wuri ya cancanci kuɗinsa, musamman in zai iya zuwa da wuri ya sami benci na gaba. Wanda matsalarsa insha'i ce kaɗai ba zai sami magani a nan ba sai ya yi yarjejeniya ta daban da malamin a kan duba rubutu, kuma a fayyace tun farko insha'i nawa a wata, da jan biro, da bayanin kowane kuskure. Kafin uba ya biya, a nan ko a wata cibiyar, ya nemi ganin littafin wani tsohon ɗalibi. In babu jan biron malami a ciki, ya san abin da zai saya. Ya kuma buɗe handawut ya nemi “clever” da “bored” da “more so”.

Giɓin rubutun ana iya cike wani ɓangarensa a gida ba tare da ƙarin kuɗi ba. Ɗalibi ya zaɓi abu biyu da ya sani sosai, kasuwar Muda Lawal da ta Wunti, ko tafiya Dass da tafiya Azare, ya fara rubuta jimla goma da Hausa, kowace da “fi” ko “kai” ko “bai kai ba” ko “ƙarin”. Ya juya su Turanci, sannan ya bi da fensir ya zagaye kowace “more” da kowace “than”. A kan kowace ya duba abu uku: ko akwai sifa ko bayanau da ya kamata ta shiga tsakaninsu, ko kalmar da ke bin “more” ta riga ta ɗauki “-er”, ko abin da ke bayan “than” irin wanda ke gabanta ne. Bayan haka ya rufe takardar ya rubuta sakin layi guda na kalma ɗari a kan batun kai tsaye da Turanci, ya kai wa malamin ranar Asabar bayan an tashi daga gwaji, lokacin da aji ya watse kuma yake da sararin dubawa.